Fotokofi, PDF da Haƙƙin Marubuci: Ina Iyakar Ɗalibi Take?

Ɗalibai uku ne, littafi ɗaya. Na farko ya aro shi daga laburare, ya kai shagon fotokofi na bakin ƙofar makaranta ya ce a cire masa babi guda da zai karanta kafin jarrabawa. Na biyu ya ce a kwafe masa shi duka, daga bango zuwa bango, a ɗinke. Na uku bai ko taka shago ba. Waya ya ɗauko, ya bi shafi shafi yana ɗaukar hoto, ya haɗa PDF, ya watsa a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Wane ne a cikinsu ya ci haƙƙin marubucin? Dukansu ne, ko babu ko ɗaya, tunda karatu ne ya sa su?

Wannan tambaya tsohuwa ce, amma ta sake tasowa tun da jaridar New York Times ta maka kamfanonin OpenAI da Microsoft a kotu a watan Disamba na 2023, bisa zargin sun ɗebi rubuce-rubucenta sun horar da ƙirƙirarriyar basira ba da izini ba. Kariyar da irin waɗannan kamfanoni ke fakewa da ita, ita ce dai wadda ɗalibai da malamai suka daɗe suna dogara da ita: ƙa'idar da dokar Amurka ke kira amfani na adalci. Sai dai in ka saurari yadda ake maganarta a makarantu, za ka ji mutane sun rabu gida biyu, kuma duka gidajen sun kauce hanya. Wasu sun ɗauka da zarar an ce "don ilimi ne" shi ke nan, an wanke komai. Wasu kuma tsoro ya kama su har suna jin ko jimla ɗaya ba za su iya ɗaukowa daga littafin wani ba sai sun rubuta masa wasiƙa.

Me haƙƙin mallaka yake karewa?

Haƙƙin mallaka iko ne da doka ta ba wanda ya ƙirƙiri aiki, littafi ne ko waƙa ko fim ko hoto ko manhajar kwamfuta, cewa shi kaɗai ke da ta cewa kan kwafe shi, buga shi, fassara shi, rarraba shi ko nuna shi ga jama'a. Ba sai ya yi rajista ba, ba kuma sai ya sa wata alama a bango ba. Da zarar aikin ya fito a rubuce ko a naɗe, haƙƙin ya kama. Wannan ita ce ƙa'idar Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Najeriya ta shiga a 1993. Saboda haka hoton da ka tsinta a Google yana da mai shi, ko da ba ka ga sunansa ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, doka ba ta kare ilimin da ke cikin aikin. Yadda aka faɗe shi take karewa. Cewa an yi wa Najeriya haɗakar kudu da arewa a 1914 ba mallakar kowa ba ne, ko littafi nawa ka karanta shi a ciki. Amma sakin layin da wani masanin tarihi ya zauna ya tsara don bayyana abin, da zaɓin kalmominsa da jerin hujjojinsa, wannan nasa ne. Kotun Ƙolin Amurka ta jaddada haka a 1991 a wata shari'a kan kundin lambobin tarho, inda ta ce jera sunaye da lambobi bi da bi ba ƙirƙira ba ce, komai wahalar da aka sha wajen tattara su.

Haƙƙin kuma yana da wa'adi. A Najeriya, kamar a Amurka da Ingila, littafi yana cikin kariya tsawon ran marubucinsa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Bayan nan ya zama na kowa. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, da waƙoƙin 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, duk wanda ya ga dama zai iya kwafe su. Amma a kula: in wani malami a yau ya fassara su, ko ya yi musu sharhi da gabatarwa, fassarar da sharhin nasa ne, sabon haƙƙi ne.

Daga ina rangwamen ya fito?

Tun dokar farko ta haƙƙin mallaka, wadda Ingila ta yi a 1710 zamanin Sarauniya Anne, manufar da aka rubuta a kanta ita ce ƙarfafa neman ilimi. An ba marubuci kariya ne don ya ci guminsa ya ƙara rubutu, jama'a su amfana. To in kariyar ta yi tsanani har ta hana mai sharhi kawo misali, ta hana malami nuna wa ɗalibansa baiti, ta hana mai bincike gina nasa a kan na magabata, ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dole a bar wata ƙofa.

A Amurka alƙalai ne suka fara buɗe ƙofar. A 1841 aka yi shari'ar wani mutum da ya rubuta tarihin George Washington a juzu'i biyu, ya kwaso shafi 353 daga wani babban kundi na wasiƙu da takardun Washington da aka riga aka buga. Alƙali Joseph Story ya ce wannan ya wuce gona da iri, amma a cikin hukuncin ya zayyana abubuwan da ya kamata a duba kafin a ce an yi ɓarna ko ba a yi ba. Waɗannan abubuwa su ne Majalisar Dokokin Amurka ta ɗauko ta sa a sashe na 107 na dokar haƙƙin mallaka ta 1976. Sashen ya ambaci suka, sharhi, rahoton labarai, koyarwa, nazari da bincike a matsayin misalan abin da zai iya samun rangwame. Kalmar da za a riƙe ita ce "zai iya". Dokar ba ta ce duk koyarwa ta tsira ba. Cewa ta yi a auna.

Ma'aunai huɗu, amma ba nauyinsu ɗaya ba

Abu na farko da alƙali ke dubawa shi ne manufa: me ka yi da abin da ka ɗauka? Kasuwanci ne ko karatu? Mafi muhimmanci, ka ƙara masa wani abu, ko kuwa ka ɗauke shi ne kawai daga can ka ajiye nan? Ɗalibar da ta kawo baiti huɗu na wata waƙa a kundin digirinta, ta warware salonsu, ta nuna inda mawaƙin ya karya ƙa'ida da dalilinsa, ta mai da baitocin hujja a cikin wata sabuwar magana. Wanda ya kwafe waƙar duka ya liƙa a shafinsa don mutane su karanta, bai sauya komai ba. Kotun Ƙolin Amurka ta ba wannan tunani ƙarfi a 1994, lokacin da ta ce ƙungiyar mawaƙa ta 2 Live Crew, da ta ɗauki wata tsohuwar waƙar Roy Orbison ta juya ta zuwa shaguɓe, ba za a yanke mata hukunci don kawai ta sayar da faifan ba, tunda shaguɓe ba ya yiwuwa sai an ɗauko wani abu daga wanda ake yi wa. Amma a 2023 kotun ta ja linzami. A shari'ar gidauniyar mai zane Andy Warhol da mai ɗaukar hoto Lynn Goldsmith, ta ce zanen mawaƙi Prince da Warhol ya yi daga hotonta, aka kuma ba mujalla hayarsa, ya shiga kasuwar da hoton nata yake ciki, don haka sauya launi da salo bai wadatar ba.

Na biyu, wane irin aiki ne? Littafin lissafi ko rahoton bincike, da ke cike da bayanan da ba na kowa ba, ya fi sauƙin ɗiba a kan ƙagaggen labari ko waƙa. Aikin da mai shi bai fitar ba tukuna kuwa, ya fi kowanne tsauri.

Na uku shi ne yawan abin da aka ɗauka, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Ba ƙirga shafi kawai ake yi ba. A 1979 mujallar The Nation ta samu rubutun tarihin rayuwar tsohon shugaban Amurka Gerald Ford kafin a buga shi, ta ɗauko kalmomi wajen 300 daga littafi mai kalmomi kusan 200,000. In da lissafi ne, wannan ko cikin cokali bai kai ba. Amma wurin da ta ɗauko shi ne inda Ford ke bayyana dalilinsa na yafe wa Richard Nixon, shugaban da ya gabace shi, abin da kowa ke jiran ya karanta. Mujallar Time, wadda ta riga ta ƙulla cinikin fara buga wannan ɓangare, ta fasa. A 1985 Kotun Ƙoli ta ce The Nation ta ɗauke zuciyar littafin. A ɗaya gefen, kamfanin Google ya kwafe miliyoyin littattafai ɗungurungum, amma kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2015, saboda abin da yake nuna wa mai bincike 'yan layuka ne da za su taimaka masa ya gano littafin, ba littafin da zai zauna ya karanta ba. Kalma 300 ta zama laifi, littafi sukutum bai zama ba.

Na huɗu shi ne kasuwa, kuma a ganina shi ne wanda ɗalibi ya kamata ya fi riƙewa, don shi ya fi sauƙin ganewa. Abin da na yi ya maye gurbin sayen littafin? In kowa ya yi yadda na yi, mai littafin zai ci gaba da samun masu saye? Ɗalibinmu na farko mai babi ɗaya da wuya ya rage wa kowa ciniki. Na uku, mai PDF, ya raba wa aji guda abin da ya kamata su saya ko su ara.

Alƙali ba ya ba kowane ma'auni maki ya tara. Haɗa su yake yi ya dubi lamarin gaba ɗaya. Shi ya sa babu wanda zai iya ba ka takardar shaida tun kafin ka kwafa cewa naka amfani na adalci ne. Kariya ce da ake kawowa in an yi ƙarar mutum, ba lasisi ba ce da ake yanka a ofis.

Maganar "kashi goma cikin ɗari"

Za ka ji ana cewa doka ta yarda a kwafi kashi goma na littafi, ko daƙiƙa talatin na waƙa. Babu wannan a sashe na 107. Asalin maganar wata yarjejeniya ce da wakilan mawallafa, marubuta da wasu ƙungiyoyin ilimi suka cimma a Amurka a 1976, inda suka ce malami zai iya raba wa aji kalma 1,000 ko kashi goma na rubutun zube, wanda ya fi ƙanƙanta, ko waƙar da ba ta wuce kalma 250 ba. Su kansu sun ce wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ba za a yi rigima a kai ba, ba iyakar doka ba. A hankali makarantu suka mai da shi kamar aya. Har wata alƙaliya a jihar Georgia ta taɓa ɗaukar ma'aunin kashi goma ko babi ɗaya a hukuncinta na 2012, kotun sama ta ce mata a'a a 2014, kowane kwafi sai an auna shi shi kaɗai.

Haka nan rubuta "ban mallaki wannan waƙa ba" a ƙarƙashin bidiyo ba ya kare kowa. Shaida ce ma mutum ya bayar a kan kansa cewa ya san ba tasa ba ce. Na'urar YouTube da ke gano waƙoƙi ba ta karanta uzuri, kamanni take bi.

Shagon fotokofi a gaban alƙali

Rigimar da ta fi kusa da rayuwar ɗalibi ita ce ta haɗe-haɗen karatu, wato malami ya zaɓo babi daga wannan littafi, maƙala daga waccan mujalla, a kwafe a ɗinke a sayar wa aji. Mu a nan handawut muka fi sani, kodayake namu sau da yawa rubutun malamin ne da kansa, ko abin da ya ce nasa ne.

A 1991 wasu mawallafa suka yi nasara a kan Kinko's, wani babban kamfanin shagunan fotokofi a Amurka, a gaban wata kotun tarayya a New York. Kamfanin ya ce ai ɗalibai yake yi wa. Kotu ta ce ɗalibai karatu suke yi, amma kai riba kake nema, kuma ba ka biya masu littattafan ko sisi ba. Daga nan jami'o'in Amurka suka koma biyan kuɗin izini kafin a haɗa irin waɗannan takardu, kuɗin kuma a kan ɗalibi yake ƙarewa. Da intanet ta zo, jami'o'i suka fara ɗora babi-babi a shafukan da ɗaliban aji kaɗai ke iya shiga. A 2008 maɗaba'un Cambridge, Oxford da Sage suka kai Jami'ar Jihar Georgia ƙara a kan haka. An shekara goma sha biyu ana hawa ana sauka tsakanin kotuna, a ƙarshe mafi yawan abin da jami'ar ta ɗora aka ce amfani na adalci ne, kaɗan ne aka ce ya wuce iyaka.

Amma shari'ar da na fi so ɗalibanmu su sani ba a Amurka aka yi ta ba, a Indiya ne, don halin da ake ciki can ya fi kama da namu. A 2012 maɗaba'un Oxford, Cambridge da Taylor & Francis suka yi ƙarar wani ɗan ƙaramin shago mai suna Rameshwari, da ke harabar Jami'ar Delhi, tare da jami'ar kanta, kan haɗe-haɗen karatu da shagon ke sayarwa. Ɗalibai da malamai suka kafa ƙungiyoyi suka shiga shari'ar a bayan mai shago. Har da marubutan da waɗannan maɗaba'u ke buga wa littattafai aka samu masu cewa ba da yawunsu ake wannan ƙara ba. Hujjar ɗaliban mai sauƙi ce: kwas ɗaya yana buƙatar babi-babi daga littattafai masu yawa, kowanne da tsadar da ta fi ƙarfin ɗan talaka, laburare kuma kwafi ɗaya ko biyu yake da shi. Ba wanda zai sayi littattafan nan ko an rufe shagon, illa dai a daina karanta su. A watan Satumba na 2016 Mai Shari'a Rajiv Sahai Endlaw na Babbar Kotun Delhi ya kori ƙarar, ya dogara da sashen dokar Indiya da ya halatta kwafi a yayin koyarwa, ya kuma bayyana cewa haƙƙin mallaka doka ce ta samar da shi don ilimi ya yaɗu, ba wani haƙƙi ne da ya sauko daga sama ba. Maɗaba'un suka ɗaukaka ƙara, daga baya a 2017 suka janye.

Kada dai a ɗauki wannan a wuce da shi. Kotun Delhi magana take kan zaɓaɓɓun ɓangarori da manhajar karatu ta tanada, ba buga littafi sukutum a kai kasuwa ba. Kuma dokar Indiya ce, ba ta ɗaure alƙalin Kano ko na Yamai. Can a Amurka ma iska ba gefe ɗaya take kaɗawa ba: laburaren intanet na Internet Archive, wanda ke kwafe littattafan da ya mallaka yana ba da aronsu ta yanar gizo, ya sha kaye a hannun manyan mawallafa huɗu a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2024, duk da cewa ba kuɗi yake karɓa ba. Rashin cin riba kaɗai bai isa kariya ba, in abin da ka bayar ya tsaya a madadin wanda ake sayarwa.

To a Najeriya fa?

Ɗalibin Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ba dokar Amurka ke kansa ba, komai yawan bidiyon da ya kalla a kan ta. Najeriya ta gaji tsarin Ingila, wanda ake kira mu'amala ta adalci. Bambancinsa da na Amurka a al'adance shi ne, doka ce ke lissafa dalilan da aka yarda da su, in naka ba ya ciki ba a ma fara auna shi. Sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta matso kusa da Amurka. Sashe na 20 ya ambaci amfani na ƙashin kai, nazari da binciken da ba na kasuwanci ba, suka da sharhi, rahoton labarai da shaguɓe, sannan ya kawo ma'aunan nan huɗu da muka bi. Wajen sharhi da rahoto, dokar tana son a ambaci aikin da mai shi. Ta kuma buɗe hanyar mai da littattafai zuwa sigar da makafi da masu raunin gani za su iya amfani da ita, daidai da Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke sa ido a kan dokar.

A Nijar kuwa, gadon Faransa ne, ƙasar kuma tana cikin ƙungiyar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a wasu ƙasashen Afirka, wadda Yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa. A wannan tsari ba a ba alƙali ma'auni mai faɗi ba, keɓance-keɓance ne a lissafe, irin su kwafi don amfanin kai da ɗauko gajeren yanki tare da ambaton mai shi.

Satar rubutu wani abu ne daban

Ga inda aka fi cakuɗa abubuwa. Ɗalibi zai ce, "Malam, ai na sa sunansa a manazarta." Sa suna yana wanke ka daga satar rubutu, ba ya wanke ka daga keta haƙƙin mallaka. In ka kwafe littafin mutum duka ka raba, ka rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a kai, ba ka yi ƙarya ba, amma ka ci dukiyarsa. In kuma ka ɗauko sakin layi daga littafin da mai shi ya rasu shekara ɗari biyu da suka wuce ka sa a furojet ɗinka kamar kai ka rubuta, babu dokar haƙƙin mallaka da ka taka, amma ka yi wa makaranta ƙarya.

In za a faɗi gaskiya, satar rubutu ce ta fi cin ɗalibai. Da wuya ka ji mawallafi ya kai ɗalibi ɗaya kotu don ya yi fotokofin babi. Shaguna, makarantu da masu buga jabu ake bi. Amma kwamitin jarrabawa ba ya buƙatar alƙali kafin ya soke kundi, kuma jami'o'i da dama yanzu suna bi da kundin digiri ta manhajar Turnitin mai gano satar rubutu. Sauya kalma ɗaya ɗaya a jimlar wani, ko fassara ta daga Turanci zuwa Hausa a yi shiru, duk sata ce a idon makaranta. Fassara ma tana cikin abubuwan da doka ta keɓe wa mai aiki: fassara sakin layi don a tattauna shi daban, fassara littafi a buga daban.

"Ai ilimi ba a ɓoye shi"

Akwai hujjar da ake kawowa a wajenmu wadda ba za ka ji ta a kotun New York ba. Mun taso a al'adar da almajiri ke zama ya kwafe littafin malaminsa da tawada da alƙalami, ana ganin hakan ibada ce, ɓoye ilimi kuma abin zargi. Wannan gaskiya ne, kuma akwai malaman da har yau ke rubuta a bangon littafinsu cewa an yarda kowa ya buga ya raba saboda Allah. Wanda ya yi haka ya ba da izini, magana ta ƙare. Amma ita wannan al'ada ba ta taɓa wasa da jingina magana ga mai ita ba, mai kwafe littafi yakan rubuta sunan mawallafi kafin nasa. Game da dukiya kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, bai halatta a keta su ba.

Kuma kada mu riƙa kallon abin kamar rigima ce tsakanin ɗalibi talaka da maɗaba'ar Oxford kaɗai. Marubuciyar Hausa da ke sayar da labarinta ta waya, ta wayi gari ta gan shi yana yawo kyauta a zaurukan WhatsApp da Telegram, ko wani ya karanta shi a YouTube yana karɓar kuɗin talla, ita ma mai haƙƙi ce. Allah ya isan da irinsu ke rubutawa a farkon kowane shafi ba ado ba ne. Malamin jami'ar da ya buga littafinsa da kuɗin aljihunsa, kwafi ɗari biyar ko dubu, PDF guda ya isa ya bar masa su jibge a ofis. Masu fim a Kano sun riga sun ga yadda tura fim a waya ya yi wa kasuwar faifai. Ɗalibin da ke raba littafin wani yau, shi ne gobe zai rubuta nasa.

Mu koma ga mutum ukun nan

Na farko, mai babi ɗaya don karatun kansa, yana tsakiyar abin da dokar Najeriya ta kira nazari na ƙashin kai. Ya yi karatunsa hankali kwance.

Na biyu, mai littafi duka, lamarinsa ya danganta. In littafin yana nan a kantin makaranta ana sayarwa, kwafinsa ya tsaya ne a madadin saye, ma'auni na uku da na huɗu duka sun juya masa baya. In kuwa littafin ya daɗe da ƙarewa a kasuwa, babu inda za a same shi sai kwafi ɗaya a laburare, hujjarsa ta fi ƙarfi, tunda babu cinikin da ya tare, kodayake ƙarewa a kasuwa ba ta kashe haƙƙin. Mai shagon da ya ajiye kwafin a na'urarsa yana buga wa duk wanda ya zo, shi kam ya tashi daga taimakon ɗalibi ya koma ɗab'i ba izini.

Na uku ya fi kowa kyakkyawar niyya, ya kuma fi kowa nisa da kariya. Ya fita daga "kaina" ya shiga rarrabawa, PDF kuma ba ya tsayawa a aji ɗaya. Da ya tura musu sunan littafin da lambar shafi, ko hanyar shiga shafin da mai aikin ya ɗora shi da kansa, da bai kwafi komai ba. Da ya duba ma, wataƙila akwai makamancinsa a buɗe: OpenStax na Jami'ar Rice yana ba da littattafan kimiyya, lissafi da tattalin arziki kyauta ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya yarda a kwafa a raba muddin an ambaci mai shi, African Journals Online na ɗauke da mujallun bincike na Afirka, da yawansu a buɗe, Jami'ar NOUN kuma tana ɗora kayan kwasa-kwasanta a shafinta. In littafin na malamin cikin gida ne, ofishinsa ba nisa. Wakilin aji ya je ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ɗari biyu ne, kwafi uku ne a laburare, ko za a yi mana ragi, ko a ba mu izinin babi na huɗu da na biyar?" In ya yarda, a roƙe shi ya rubuta a takarda ya sa hannu, a kai wa mai shago.